Robar Murfin Lamba Bakwai

Ranar Talata komai ya canza. Da ƙarfe takwas na safe aka buɗe murfin gaba na tanka mai lamba bakwai a gaban ma'aikatan gareji, aka tarar robar da ke hana mai tsiyaya ba ta nan. A gurbinta an naɗa wani yankin tif, robar cikin taya, ya sha dizal ya kumbura kamar hanji. Sulusin man da ke ɗakin gaba na tankar ya salwanta. Kafin takwas da rabi kowa ya riga ya san mai laifi, domin mutane ba sa ɓata lokaci idan wanda za a zarga ba shi da kowa a ofis. Bakaniken da ya sa sabuwar roba jiya, wanda danginsa ke kira Auta, shi aka tura ɗakin ajiyar kaya aka datse da kwaɗo.

Matar Auta ce ta kai wa Duƙau labari.

Duƙau mai bin sawu ne. Shekara arba'in yana tafiya kansa a sunkuye yana karanta ƙasa, har sunansa na yanka ya ɓace, laƙabin ya zauna. Tun da matarsa ta rasu, shekara uku ke nan, ya kasa zama wuri ɗaya. Sai ya zaro littafi daga tarin da ke jikin bango, ya karanta shafi biyu, ya tashi ya leƙa ƙofa, ya dawo ya zaro wani. Ya yi karatun da ya ishe shi ya gane cewa marubuta ma ba su san inda matattu ke zuwa ba, sun dai fi kowa iya ɓoye rashin saninsu.

"Yaya, Manaja ya ce ƙarfe biyar zai kira 'yan sanda," in ji ta daga bakin ƙofa. Ko takalmi ba ta cire ba.

"Me ya sa sai biyar?"

"Wai sai ya gama rubuta rahoto."

"To Allah ya ƙara masa wahalar rubutu. Auta ne ya aiko ki?"

"Da ya san zan zo nan, da ya hana ni."

Duƙau ya san haka ne. Auta ƙanin marigayiya ne. Ranar da ciwonta ya tashi, Duƙau yana wani gari yana bin sawun injin ban-ruwa da aka sace, kwana na uku ke nan. Auta ne ya ɗauke ta a tsohuwar motarsa. Motar ta mutu a hanya, kafin a samu wata rai ya yi halinsa. A wurin zaman gaisuwa, a gaban jama'a, Duƙau ya dube shi ya ce, "Bakaniken da ya kasa gyara motarsa." Bai ƙara ba. Tun daga ranar ko sannu ba ta sake haɗa su ba.

Ya ajiye kofin shayinsa a kan littafi, ya ɗauki hularsa.

*

Garejin fili ne mai katanga, tankoki tara a jere, ƙasa baƙa ƙirin da tsohon mai. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a inuwar rumfa, kowa da abin da ya ce ya daɗe yana gani a idon Auta. Manaja ya fito da biro a bayan kunne.

"Malam Duƙau, ai ba akuya aka sace ba."

"Na gani. Akuya ta fi wuyar sata, tana kuka."

Manaja ya zayyana masa abin kamar mai karanta rahoton da bai gama ba. Jiya da safe Auta ya karɓi sabuwar roba ya ce ya sa. Aka yi lodi, aka auna, aka ɗaure murfi da waya aka buga hatimi. Direba ya fita ƙarfe goma. Da ya isa gidan man da aka aike shi, hatimi lafiya lau, amma gefen tanka sharkaf, awo kuma ya gaza. Suka ƙi karɓa, ya juyo da kayansa.

"Hatimi bai taɓu ba, ke nan tif ɗin nan tun daga nan yake ciki. Ya soke sabuwar roba zai sayar, ya zubar mana da mai a titi. Da fetur ne fa? Da gawa nawa muke ƙirgawa?"

"Murfi a sama yake," in ji Duƙau. "Mai ya koyi hawa sama ne?"

"Hanya duk ramuka ce. Yana tangal-tangal yana fantsama."

"Har sulusi?"

Manaja ya taɓa bironsa ya kau da kai.

Duƙau ya kama tsanin da ke bayan tankar zai hau, sai aka riƙe masa hannun riga. Wani dattijo ne tsaf-tsaf, riga a goge, takalmin fata yana ƙyalli, yana ƙwas-ƙwas duk inda ya taka siminti. Mai Awo ke nan, shi ke tsoma sanda ya auna mai, shi ke buga hatimi, shekara ashirin da biyu.

"Tsaya, Malam. Ɗaga ƙafarka in gani." Ya duba tafin takalmin. "Roba ce, hau abinka. Ƙusa ɗaya ta gogi ƙarfe a can sama, sai dai a kwashe mu a buhu. A gabana aka yi wa wani abokina."

A saman tankar rana ta riga ta gasa ƙarfe. Murfin zagayayye ne kamar babban faranti, da noti takwas kewaye da shi. Duƙau ya ɗaga yankin tif ɗin da yatsu biyu. An yanka shi da almakashi, a natse, ba cikin gaggawa ba. A gefe guda akwai rabin faci ja. Ya leƙa gefen hagu na tankar, inda man ya gangara ya bar doguwar shaida har ƙasa. Ya daɗe yana kallon wannan layin.

*

Ɗakin ajiya yana da taga ɗaya mai sandunan ƙarfe. Auta yana zaune a kan wata tsohuwar batir, hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Ya yi furfura a gemu. Duƙau bai san da ita ba.

"Wa ya kira ka?" in ji Auta.

"Ba kai ba. Yaya ka sa robar?"

"Ka zo ka gani ne ko na iya gyara?"

Duƙau ya haɗiye wannan, tunda shi ya dafa ta. "Ƙarfe biyar za su zo, Auta. Ka gaya min yadda ka sa."

Auta ya yi magana yana kallon bango.

"Na cire tsohuwar, ta tsage. Na kankare kwarmin da take zama, na goge shi tas. Na zaunar da sabuwar a bushe, ban sa mata giris ba, giris na cin ta. Na ɗaure noti wannan da na gabansa, wannan da na gabansa, sau uku ina zagayawa. Na ba shi iska, na shafa ruwan sabulu. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba."

"Wa ya gani?"

"Wa ke kallon bakanike in aiki na kyau?"

"Sai me?"

"Sai aka yi lodi, Mai Awo ya auna ya buga hatiminsa. Shekara goma sha ɗaya nake garejin nan. Yau da safe wanda na koya wa riƙe sifana shi ya kawo kwaɗon."

Duƙau ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya duba agogo ya juya.

*

Rabin facin ja ya kai shi bakin ƙofar gareji, inda Mai Faci ke da rumfarsa da tarin tsofaffin tayoyi. Ƙato ne mai surutu, sanye da takalmin da ya yanka wa kansa daga taya. Da ya ga tif ɗin sai ya dafe ƙirji.

"Facina ne, ba zan yi musu ba. Duk garin nan wa ke goge gefe haka? Amma Baba, dubi tarin can. Mai ɗaure kaya ya ɗiba, mai ɗaure gado ya ɗiba, ko sannu ba a ce min. Kuma ni zan sa tif a bakin dizal? Ni? Ko jikata ta san narkewa zai yi."

"Wanda ya sa ma ya sani."

"To don me ya sa?"

"Don ya yi yoyo. Mai ya ɓace, ana bukatar inda za a ce ya bi."



Direban lamba bakwai, wanda ake kira Dogo, yana tsugune a gindin katanga da kwanon abinci a gabansa, bai taɓa ba. Duƙau ya tambaye shi inda ya tsaya jiya.

"Ban tsaya ba, Baba. Ko fitsari."

"Ka fita goma. Yaushe ka isa?"

"Wajen biyu."

"Hanyar awa biyu ce."

"Cunkoso."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Duƙau. Ya dubi silifas ɗin robar da ke ƙafar Dogo. Ya koma wurin Mai Faci. "Babur ɗinka na tashi?"

"In an roƙe shi."

*

Suka fita ƙarfe ɗaya saura. Duƙau na baya, ya karkata hagu kamar zai faɗi, idonsa a kwalta.

"Baba, titin nan mota dubu ke bi, kowace na ɗiga. Ta yaya za ka gane naka?"

"Inji a tsakiya yake, ɗigonsa a tsakiyar hanya yake faɗuwa. Nawa daga sama ya gangaro ta hagu, zai faɗi a wajen layin taya. Kuma ba kullum ba, sai inda aka taka birki. Rage gudu."

A ƙofar gareji akwai kwari da kowace tanka ke tsayawa ta tsallaka. Babu komai a wajen layin taya. A tudun rage gudu na farko babu, na biyu babu, na uku babu. A babbar mahaɗa, inda dole mota ta tsaya cak, Duƙau ya sauka ya zagaya sau biyu ana ta danna masa oda. Babu. Robar Auta ta riƙe har nan.

Suka wuce kasuwa, suka wuce gada. Rana ta take, gumi na shiga idon Duƙau, yana ta duba agogo kamar agogon ne ya yi satar. Biyu da kwata, bayan wani asibiti, ya daki kafaɗar Mai Faci.

"Tsaya!"

Ga shi nan a gefen hagu, tabo baƙi kamar tafin hannu, ƙura ta manne masa. Gaba kaɗan wani, gaba wani, sun miƙe sun bi hanya. Duƙau ya juya musu baya.

"Ba can za mu ba?" in ji Mai Faci.

"Na san inda ya je. Inda ya fito nake nema."

Ya bi tabon da baya a ƙafa. Bai yi taku hamsin ba sawun ya sauka daga kwalta ya shiga wata hanyar ƙasa, ya kewaya bayan wata masana'antar bulo da aka daina aiki a cikinta. A nan, tsakanin katanga da ƙaya, ƙasa ta rubuta komai da manyan baƙaƙe. Ga inda tayoyin tanka suka nutse don daɗewar tsayuwa. Ga sawun wata ƙaramar motar kaya da ta zo da baya. Ga zoben gindin duro har goma sha biyu, ga inda tiyo ya kwanta kamar maciji.

"Kada ka taka ko'ina," in ji Duƙau.

Sawun silifas ya sauko daga wajen kan mota, ya nufi asibiti da dogon taku, ya dawo da gajere. Bai kusanci bayan tanka ba. Duƙau ya koma inda tsani zai kasance, ya durƙusa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Wani sawu ne daban, takalmin fata mai ƙarfe a dunduniya. Ya taho daga motar kaya, kowane taku ya nutse yadda nauyin mutum ke nutsar da shi. A gindin tsani sai ya tsaya. A gefe kaɗan kuma ga takalman nan biyu a jere, kai da kai, dunduniya da dunduniya, amma da ƙyar suka taɓa ƙasa. Kusa da su akwai sawu ɗaya na ƙafa cikin safa.

"Me ka gani, Baba?"

"Takalmi babu mutum a ciki."

"Aljani?"

"Aljani ba ya tsoron wuta haka. Ɗauki hotonsa da wayarka. Matso, ka kamo dunduniyar hagu, ƙusa ɗaya ta fita."

Mai Faci ne ya hango ɗayan abin. A can cikin ƙaya, an wurga shi ya maƙale a reshe, wani baƙin zobe na lilo. Sabuwar roba ce, ko ƙurar kirki ba ta yi ba.

*

Huɗu saura suka dawo. Duƙau ya ja Dogo bayan tanka, ya ce masa kawai, "Wa ke kwance a asibitin?"

Dogo ya zauna a ƙasa.

"Mahaifiyata ce, Baba. An yi mata aiki. Doka ta hana tsayawa da lodi, in Manaja ya ji na tsaya korata zai yi. Awa biyu na yi a wurinta. Wallahi da na dawo hatimi na nan yadda yake."

"Wa ya nuna maka bayan masana'antar?"

Dogo ya dubi wajen ofis, ya sunkuyar da kai. "Mutumin ya yi min kirki. Shi ya ce in ajiye a can, babu mai gani, shi kuma bakinsa alaikum."

"Riƙe sunan. Zan tambaye ka a gaban mutane."

*

Biyar saura kwata Manaja ya fito da rahotonsa shafi huɗu da waya a hannu. Duƙau ya roƙi minti goma. Ya sa aka buɗe wa Auta, aka tara kowa a bayan lamba bakwai. Kafin su taru ya riga ya zuba yashi bokiti biyu a gindin tsani, ya yayyafa ruwa, ya share da tafin hannu.

"Akwai abin da nake so mutum huɗu su gani a bakin murfin can," ya ce. "Ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya hau ya duba ya sauko, kada ya ce komai."

"Wasan yara za mu yi?" in ji Manaja.

"Rahotonka ba zai huce ba."

Dogo ya hau da silifas ɗinsa. Mai Faci ya hau da takalmin tayarsa yana mita, wai tsanin ba don masu jiki aka yi shi ba. Auta ya hau da takalmin aikinsa na roba, bai dubi kowa ba. Sai Mai Awo ya matso, ƙwas, ƙwas, yana gyara wuyan riga. Bakinsa na cikin magana da Manaja a kan ɓata lokaci, hannunsa kuma na aikin da ya saba shekara ashirin da biyu. Ya zare takalmin dama, ya zare na hagu, ya jera su a gefe kai da kai, ya taka yashi da safa sau ɗaya, ya kama tsani.

Yana sama Duƙau ya ɗaga takalman a hankali. Ya karɓi wayar Mai Faci ya ajiye ta a kan yashin kusa da shaidar da suka bari.

"Manaja, kai mai karatu ne. Karanta min waɗannan biyun."

Manaja ya duƙa. Ya dubi yashi, ya dubi hoto, ya sake duban yashi. Jeri ɗaya, rashin nauyi ɗaya, gurbin ƙusa ɗaya a dunduniyar hagu.

"Ina ne wannan?"

"Bayan masana'antar bulo, kusa da asibiti. Duro goma sha biyu aka cika a wurin jiya da rana. Daga ƙofar nan har can tankarka ba ta ɗiga ko sau ɗaya ba." Ya zaro robar daga cikin rigarsa ya rataya ta a tsani. "Ga abin da aka ce Auta ya sayar. Ƙaya ce ta saya. Dogo, wa ya ce ka ajiye mota a can?"

Dogo ya ɗaga hannu ya nuna sama.

"Hatimi kuma," in ji Duƙau, "ba ya wuyar mayarwa ga wanda abin bugawa ke aljihunsa."

"Jiya da rana ya ce min haƙori zai je cirewa," in ji Manaja a hankali.

"A ƙirga masa haƙoran," in ji Mai Faci.

Babu wanda ya yi dariya. Mai Awo na tsaye a saman tanka cikin safa, rana a bayansa. Ya dubi takalmansa a hannun Duƙau, ya daɗe yana dubansu.

"Na yi tunanin komai," ya ce. "Ban ma san na cire su ba."

Manaja ya buga wayar da ya yi niyya, sunan kawai ya canza. Waɗanda da safe suka daɗe suna ganin abu a idon Auta, yanzu suka tuna sun daɗe suna ganinsa a tafiyar Mai Awo.

*

Saura tanka. Tana da lodin safe, kuma duk garejin mutum ɗaya ne ya iya zaunar da roba. Manaja ya je wurin Auta yana murza biro, ya ce ai kuskure ne, kowa na yi, a yi haƙuri. Auta ya ce a ba shi wata sabuwa daga ɗakin ajiya, waccan ƙaya ta karce ta.

Ya hau. Da ya waiwaya neman wanda zai miƙo masa bokitin sabulu, sai ya ga Duƙau a tsakiyar tsani da bokitin a hannu, yana haki. Bai ce ya sauka ba.

Suka tsuguna su biyu a bakin murfi, ƙarfe na huce zafin yini a ƙarƙashinsu. Auta ya kankare ragowar tif daga kwarmin da guntun katako, ya goge da tsumma, ya bi da ɗan yatsa ya ji ko akwai tsatsa, ya sake gogewa. Ya zaunar da robar yana danna ta da manyan yatsu biyu, kaɗan-kaɗan, har ta kwanta ko'ina daidai. Yadda yake karkata kai in yana aiki, haka yayarsa ke yi in tana zura zare a allura. Duƙau ya kau da ido.

"Sifana," in ji Auta.

Ya miƙa masa. Auta ya ɗaure noti na ɗaya, ya tsallaka na gabansa, ya dawo, ya tsallaka. Zagaye na farko da sauƙi, na biyu da ɗan ƙarfi, na uku har jijiyar hannunsa ta tashi. Aka ba tanka iska daga ƙasa. Ya tsoma soso ya zagaye bakin murfin da ruwan sabulu. Suka zuba ido.

Duƙau ya san yanzu ne. Babu kowa a nan sai su, kuma maganar ta shekara uku a bakinsa, ya jera ta ya sake jerawa a tsakanin littafi da ƙofa har ta yi sumul. Ya buɗe baki.

"Na shidan nan ya ɗauru kuwa?"

"Ya ɗauru."

Ruwan sabulu ya kwanta lum. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba.

Auta ya tattara kayansa ya sauka. A ƙasa ya tuɓe rigar aiki, ya ninke ta, ya ɗora a kan rahoton Manaja, ya ce ba zai iya kwana da safiya da mutanen da suka nemo masa kwaɗo ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo rabi.

"Ka miƙa wa ƙafarka godiyata, mijin Yaya."

Duƙau ya ɗaga masa hannu. Ya ce a ransa gobe zai je gidan, a zaune, ba a kan ƙarfe ba. Gobe ta zo ya ce jibi. Ranar Asabar da ya je ya tarar da ɗaki a buɗe, an share, sai sawun motar kaya a ƙofar gida. Ya bi shi da ido har inda ya hau kwalta ya shiga cikin dubu. An ce wani kamfani a bakin teku ya ɗauki Auta. Bayan wata bakwai matar Auta ta bugo waya. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kwana uku, ya rasu.

Har yanzu Duƙau na zaro littafi ya karanta shafi biyu ya tashi ya leƙa ƙofa. Maganar na nan yadda ya jera ta, ba ta da tsawo.

Auta, ranar nan kai ne ka ɗauke ta. Ni ina can ina bin sawun injin wani.